Sarkin Yaƙi Aliyu Jodi: mi yas sa Shehu yab ba shi runduna, ga Abdullahi ga Bello?

Duk wanda yaz zauna Sakkwato ya san sunan Aliyu Jodi ko da ta titi ne, ka tsai da ɗan kabu-kabu ka ce a kai ka Aliyu Jodi ba shi tambayarka ina ne. Amma tara samari goma ka ce su ba ka labarin mai sunan, da wuya biyu su wuce "ai wani na Shehu ne". An koya muna Shehu Usmanu, an koya muna Malam Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u da Waziri Giɗaɗo, shi ko mutumen da anka naɗa Amirul Jaishi tun a Gudu, wato kwamandan rundunar Jama'a gaba ɗai, sai a ambace shi layi guda a wuce. Littattafan Turawa suna rubuta shi Ali Jedo, shi ne dai.

Kuma akwai abin da ka ɗaure kai in ka zauna ka bi yaƙe-yaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ran Tabkin Kwatto, Abdullahi ne yaj ja runduna. Ran da anka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, Bello ne bisa kan kowa. To in manyan ranakun nan biyu ƙanen Shehu da ɗan Shehu ne sunka yi jagora, mi ne aikin Sarkin Yaƙi? Sarautar ado ce? Ni dai ganina ba ta ado ba ce ko kaɗan, sai dai sai mun hidda hoton sojan zamani daga kanmu kahin mu gane ta.

Mu in an ce janar, abin da ka zo muna shi ne bariki da kaki da albashi ƙarshen wata, da oda da ka sauka daga sama har kan kurtu, wanda yaƙ ƙi bi a kulle shi gadurun. Jama'ar Shehu a 1804 ba su da ko guda cikin waɗanga. Malamai ne da almajirai da manoma da makiyaya, Fulani da Hausawa da wasu Buzaye, waɗanda sunka baro Degel, mazaunin Shehu, cikin watan Fabrairu na shekarar bayan zama ya ƙi daɗi tsakaninsu da Yunfa Sarkin Gobir. Dama tun zamanin Nafata, Sarkin Gobir kahin Yunfa, anka fara matsa musu, anka hana rawani da lulluɓi, anka ce kowa shi tsaya ga addinin da yat tarad da ubanai, sannan ga abin da yaf faru da mutanen Abdussalami na Gimbana da anka kamo bayi anka biyo da su ta kusa da Degel har Jama'a sunka kwance su. Daga nan ba sauran zama. Sunka yi hijira yamma zuwa Gudu, can bakin iyakar ƙasar Gobir, inda anka yi wa Shehu mubaya'a ƙarƙashin icen faru.

To ga tambayar da ba a cika yi ba, wa ad da wannan dajin? Mutum ba shi kwasar mata da yara da tsohi da kayan littattafai shi sauka inda ba shi da kowa. Yankin nan na Gudu zuwa Ƙonni wurin kiwon Fulanin Ƙonni ne, kuma shugabansu shi ne Aliyu Jodi. Shi da mutanenai sun san inda rijiya take da inda tabki ka ƙahewa da rani, sun san hanyar da doki ka iya bi da wadda ba shi iyawa, suna da shanu, kuma sama da komi suna da samari masu kwari da baka da sunka saba kwana daji suna tsaron garke. Wanga shi ne jarin da yaz zo da shi. Agali Ba'abzine shi ma ya taimaka da raƙuma wurin kwasar kaya, amma mayaƙa masu ji da kansu da ka iya tsayawa gaban dawakin Gobir, babban rabo daga irin su Aliyu Jodi sunka hito.

Kuma ba shi kaɗai ba ne mai irin wanga matsayi. Akwai Muhammadu Moyijo shugaban Fulanin Kabi, wanda zuri'atai ke Yabo, akwai Muhammadu Namoda na Alibawa can wajen Zamfara, wanda garin Ƙauran Namoda ka amsa sunanai, ga kuma Sulluɓawa. Kowane ya zo da mutanenai, kuma mutanen nan shi sunka sani, muryatai su ka ji. Rundunar ta fi kama da gayya, kowa ya zo da kalmenai, ya biyo mai gidan da yag gayyato shi, in an yi aiki madalla amma ba ka da ikon korar kowa kuma ba ka iya cewa ku tsaya nan har magariba in sun ce gida za su. Malamai suna da hujja da fatawa da kwarjinin Shehu, amma mai iya cewa dubban makiyaya ku tashi su tashi, wani ne daban. Shi yas sa nike ganin naɗin Aliyu Jodi hikima ce ta sanin mutane, an ba shi sunan abin da dama shina hannunai, don kar ƙarhin nan shi zauna waje shina kallo.

Yanzu mu zo hilin daga. Bayan 'yan gwabzawa na farko wajen Matankari da Ƙonni, Yunfa yat taso da kainai, anka haɗu a Tabkin Kwatto ran 21 ga Yuni 1804. Bello ya rubuta cikin littahinai Infaƙul Maisuri cewa dawakinsu ba su wuce ashirin ba. Gobirawa ko sun zo da barade da 'yan lifidi, ga Buzaye tare da su. Wanda bai taɓa ganin lifidi ba shi tahi gidan tarihi ko shi tsaya kallon hawan sallah shi duba da kyau, tuhwa ce da anka cusa ma auduga anka ɗinke, a rufe doki da ita tun daga wuya har gindi, mahayi kuma ga sulke ga kwalkwali ga garkuwa. In irin waɗanga sunka jeru sunka sako a guje, ɗan ƙasa mai mashi ba shi da ta yi sai kaucewa. Amma lifidi nauyi gare shi, doki ba shi daɗewa shina sukuwa da shi cikin zahi, kuma ba shi rufe ko'ina, akwai ido akwai ƙahwa akwai hannun mahayi, ita ko kibiya mai dahi ƙwarzane kaɗan ya ishe ta. 'Yan bakan Jama'a sunka haɗe wuri guda sunka ƙi watsewa, sunka yi ta zuba kibau har dawakin sunka karye, Yunfa yag gudu yab bar kaya. Malamai sunka kwatanta ranar da Badar, kuma Abdullahi ya yi mata waƙa cikin littahinai Tazyinul Waraƙati.

Lura da kyau, tsarin ranar na Abdullahi ne, alƙalamin da yar rubuta labarin ranar ma nai ne da na Bello. Amma hannuwan da sunka ja tsarkiya fa? Nan ne nike cewa tarihin jihadi malamai sunka rubuta shi, kuma malami in ya zo lissahin wanda anka rasa, mahaddata da almajirai za shi fara ambata don su yas sani su yaz zauna da su zaure. Ba rashin adalci ba ne, haka ɗan Adam yake. Sai dai sakamakon shi ne mutum kamar Aliyu Jodi, da bai bar muna tarin littattafai da sunanai ba, ta bakin wasu kawai mu ka jin shi, kuma sau da yawa inda anka samu saɓani da shi ne sunan ka hitowa sosai.

Daɗin Kwatto bai daɗe ba. Yunwa ta fi Gobirawa matsa ma Jama'a, mutane dubbai ba gona ba rumbu, dole a yi ta sauya sansani ana neman abinci. Sunka gwada Alƙalawa ƙarshen 1804 ganuwa taƙ ƙi, sannan a Tsuntsuwa, nan kusa da birnin, Gobirawa da Buzaye sunka afka musu anka yi ɓarna mai yawa, ana kawo mutum wajen 2000 da sunka yi shahada, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Wanga rashi ya canza kamannin rundunar, kuma shi ne abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Waɗanda sunka zauna gaban Shehu shekara da shekaru a Degel, sunka san hukuncin ganima da hukuncin wanda anka ba amana, su ne ka shiga gaba don neman shahada kuma su ne ka faɗuwa. Masu maye gurbinsu ko sabbin shiga ne, wani don addini wani don an ƙwace mai shanu wani don ya ji ana samun ganima. Kullum malamai suna raguwa cikin sahu, nauyin mutanen su Aliyu Jodi da Namoda shina ƙaruwa.

Daga nan anka koma Sabon Gari ƙasar Zamfara, daga can Abdullahi da Aliyu Jodi sunka ja runduna sunka ci Birnin Kabi cikin Afrilu 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi yat tsere anka ɗora Usman Masa. Wannan nasara ce taɓ buɗe ma Jama'a hanyar zama Gwandu.

Sai Alwasa, ƙarshen 1805, kuma nan ne duk mai son sukar Sarkin Yaƙi ka tsayawa. Gobirawa da Kabawa da Buzaye sun haɗa kai sun taso ma Gwandu. Anka yi shawara, a jira su gida ko a tare su hanya? Ra'ayin hita yar rinjaya. Bisa hanya rundunar tab bi ta wani gari Kwalde da ba a yaƙi da shi, mayaƙa sunka afka mai sunka washe, Abdullahi da Bello suna hani ba mai saurare, har abin yaz zama haɗari ga su masu hanin. Su biyun sunka ga cewa rundunar da taƙ ƙi jin magana kan haram ba ta da albarkar da za ta shiga daga da ita, a koma. Aliyu Jodi yana cikin masu cewa a ci gaba, kuma haka anka yi. Anka haɗu a Alwasa anka karya Jama'a, anka rasa mutum wajen 1000, Usman Masa da anka ɗora jiya-jiya yaj juya baya, ƙasa tad dagule ko'ina.

To laihin wa? Abu mai sauƙi ne a ce zahin kan Sarkin Yaƙi ne, malamai sun faɗa bai ji ba. Kuma gaskiya sakamako ya nuna su Abdullahi sun fi shi hangen ranar, wannan ba a musu. Amma ni ina ganin sai an sa kai inda yake tsaye. Kai ne mutanen nan ka kallo, ba albashi ka ka ba su ba, sun yi shekara da rabi suna yawo da yunwa, an kashe 'yan uwansu an kore musu dabbobi, yanzu ga maƙiyi gaba, kai ko ka ce a juya don an yi zunubi a Kwalde. Nawa za su bi ka su koma Gwandu, nawa za su saɓa abin da sunka samu su nuhi ruga? Gwandu kuma lokacin ba ganuwa gare ta ba. Mai yiwuwa ne lissahin da yay yi shi ne gara a yi yaƙin tun mutane suna wuri guda. Lissahin bai hita ba. Amma wanda yac ce rashin tunani ne zalla bai taɓa riƙon mutanen da ba shi biya ba.

Abin da yab biyo baya shi ma a sa shi cikin ma'auni. Rundunar da anka karya ta koma Gwandu ta tsaya, maƙiya sunka biyo ta har gida kwana da kwanaki, Shehu da kainai yah hito yana ƙarfafa mutane, kuma wurin duwatsu ne da ba su yi ma doki da raƙumi daɗi, 'yan baka sunka sake samun irin hilin da su ka so, anka kore su. Da ranar ta tahi wata hanya da ba mu nan muna zancen daular Usmaniyya. A 1806 kuma Namoda yak karya Buzaye da abokansu a Fafara kusa da Zurmi, daga nan iska taj juya.

Maganar ganima da ta hana su Abdullahi barci ba ƙaramar magana ba ce, don a shari'a ba wanda yar riga kai hannu ne ad da kaya ba. Ana tara komi wuri guda, a hidda humusi wato kashi ɗaya cikin biyar, sauran a raba ma mayaƙa, mai doki kashi uku a mazhabar Malikiyya, biyu na doki ɗaya nai, ɗan ƙasa kashi guda. Ɓoye wani abu kahin rabo babban laihi ne. An naɗa Umaru Alkammu ma'aji tun farko don wanga aiki. Amma a ce ma makiyayin da yak kamo saniya da hannunai shi kawo ta a lissafa, wa ka iya tilasta shi in ba ardonai ba? Ka ga inda Sarkin Yaƙi yaz zama tsaka mai wuya, sama malamai suna son doka ta tabbata, ƙasa mutanenai suna son shi tsaya musu. Damuwar nan ce ta kai Abdullahi har yab bar runduna a 1807 da niyyar tahiya Makka, yat tsaya Kano yar rubuta Liya'ul Hukkami sannan yak komo. Shi malami yana iya yin hushi shi tahi shi rubuta littahi, shi ko Aliyu Jodi in ya tahi rabin sansani ne ka tashi.

Alƙalawa ta faɗi cikin Oktoba 1808, anka kashe Yunfa. Bello ne babban kwamanda, Aliyu Jodi da Namoda kowa da rundunar da ya ka ja. Kangon birnin yana nan ƙasar Sabon Birni. A 1809 Bello yaf fara gina Sakkwato, Shehu yak koma Sifawa.

Ni abin da yaf fi burge ni ga labarin mutumen ga bayan yaƙi yake. Ko'ina cikin duniya in an gama juyin juya hali, mai riƙe da mayaƙa shi ne matsala ta farko, ko shi hamɓare malaman ko su su kau da shi. Mu 'yan Najeriya ba mu buƙatar a ba mu misali, tun daga 1966 mun ga yadda abin ka kasancewa. A Sakkwato hakan ba ta faru da Aliyu Jodi ba, kuma ba sa'a ce kawai ba, an ɗaure zumuncin ta hanyoyi da dama. An ba shi auren Faɗima ɗiyar Shehu, shaƙiƙiyar Bello uwa ɗaya uba ɗaya, wadda Nana Asma'u tay yi ma marsiyya tana yabon alherinta da ciyar da mutane. Ka duba wanga gida, miji shi ka tara mayaƙa, mata tana cikin masu tsayuwa ga abinci da baƙi, ɗiyan da anka haifa kuma jikokin Shehu ne, to da wa za su yi tawaye? Sannan da Shehu yar raba kula da ƙasa a 1812, gabas ga Bello yamma ga Abdullahi, sai anka bar ma Aliyu Jodi arewa, yankin da dama nan ne tushenai kuma nan ne bakin daga, don ta nan Buzaye da sauran Gobirawa ka ɓullowa.

In kana son ka ga bambanci, dubi Abdussalami. Shi ma babba ne cikin Jama'a, malami ne ma, kuma kan mutanenai ne wutar ta fara kamawa a Gimbana. Amma ya ga rabon da anka ba shi bai kai matsayinai ba, bayan rasuwar Shehu a 1817 yat tada kai a Kware, anka yi musayar takardu da Bello abin bai gyaru ba, anka yaƙe shi yar rasu farkon 1818. A wannan shekara mai wuya, da garuruwa da yawa sunka warware alkawari suna gwada sabon Sarkin Musulmi, Sarkin Yaƙi yana gehen Bello. Da a ce shi ne yaj juya da Fulanin Ƙonni a lokacin, Sakkwato da ba ta cika shekara goma da kahuwa ba, ban ga yadda za ta kai labari ba. Wanga tsayuwa ba a yi mata waƙa kamar Kwatto, amma ni a wurina ta fi kowace rana tai ta hilin daga nauyi.

Bello kuma ya koyi darasi daga wahalar riƙon runduna irin ta gayya, shi yas sa yad dage da gina ribaɗi bakin iyaka, a zaunar da makiyaya wuri guda su yi gari su yi noma su yi karatu su kuma tsare hanya, shi kansa a Wurno yak ƙare rayuwatai a 1837. Sannu a hankali ardo mai yawo da garke yaz zama hakimi mai gari da ganuwa. Gidan Aliyu Jodi ya bi wagga hanya, zuri'atai sunka kahu a Binji, kuma har yau sarautar tana nan, Sarkin Yaƙin Binji.

Kuma ba hakimci kaɗai ba. Kujerar Binji tana cikin masu zaɓen Sarkin Musulmi, tare da su Waziri da Magajin Gari da Magajin Rahi da Galadiman Gari, da Sarkin Kabin Yabo na gidan Moyijo, da Arɗon Shuni da Arɗon Dingyaɗi da sauransu. In ka dubi jerin da kyau za ka ga tsohon sansanin nan ne bai watse ba, gidajen malamai da mashawartan Shehu gehe guda, gidajen shugabannin da sunka kawo mayaƙa gehe guda. Ɗan gidan Sarkin Yaƙi ba shi zama Sarkin Musulmi, wannan na zuri'ar Shehu ne ta wajen maza, amma kuma ba a naɗa kowa ba a zauna da shi ba. A Nuwamba 2006, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo cikin haɗarin jirgin sama a Abuja, wanda yah hau gadon shi ne Muhammadu Sa'ad Abubakar, Birgediya Janar na sojan Najeriya da ya aje kaki yaɗ ɗauki rawani, kuma ta hannun wagga majalisa sunanai yab bi.